Malam-Buɗe-Littafi Da Amanar Mai Hoto

Cikin dukan ƙwarin da Allah ya halitta, da wuya a sami wanda Bahaushe ya girmama wajen raɗin suna kamar malam-buɗe-littafi. Sauro sauro ne, ƙuda ƙuda ne, kyankyaso kuwa ko ambatonsa ba a so a bakin akushi. Amma wannan ɗan taliki sai aka naɗa masa malanta, aka kuma haɗa masa da littafi, domin in ya sauka bisa fure yakan buɗe fikafikansa ya rufe, ya sake buɗewa, tamkar malami yana juya warƙa a zaure. Yara ne suka riƙe sunan nan da gaske, su ne ke binsa a guje bayan gari suna roƙonsa ya buɗe. Da mutum ya fara tsirar gemu sai ya bar dubawa.

Abin mamaki kuma, suna guda ɗin nan shi aka yafa wa jama'a mai yawan gaske. Wani masani mutumin ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya shafe shekaru yana ratsa dazuzzukan Afirka ta Yamma, kana a shekarar 2005 ya fitar da littafi mai juzu'i biyu wanda ya ƙunshi kusan iri 1,500 na wannan ƙwaro, tun daga Senegal har Nijeriya. Nijeriya ita kaɗai tana da fiye da iri 1,000. Galibinsu a kurmin kudu suke, amma ƙasashen arewa ma suna da nasu rabon, kuma kowane iri da kamarsa, da cimarsa, da lokacin fitowarsa.

A birnin Gombe akwai wani dattijo da ya ɗora wa kansa aikin bin waɗannan ƙwari da kyamara. Ba masanin kimiyya ba ne, tsohon mai hoto ne. Ya koyi sana'ar yana saurayi cikin shekarun 1970, zamanin da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka cika garin da baƙi, Gombe kuwa ba ta ko yi mafarkin zama babban birnin jiha ba. A wani ɗan shago kusa da Sabon Layi ubangidansa ya koya masa saka fim, da haɗa ruwan wanki, da zama cikin ɗakin duhu har hoto ya tsiro a kan farar takarda. Daga bisani, da aka ga hannunsa ba ya rawa, sai aka koya masa abin da ba kowane yaron shago ake koya wa ba, watau gyaran dodon hoto.

Yadda ake yi shi ne, a ɗora dodon bisa gilashi mai fitila a ƙarƙashi, a fiƙe fensir ya yi tsini kamar allura, sa'an nan a riƙa ɗiɗɗiga shi sannu-sannu a wurin da ake so. Duk inda fensir ya taɓa a dodo, haske zai fito a takarda. Da haka ake share tamojin goshi, a ɓatar da ƙurajen samartaka, a kuma haskaka fuskar amarya. Wanda ya ƙara 'yan sulalla har a shafa wa rawaninsa ko ɗankwalinta launi da ɗan buroshi. Shekara da shekaru da wannan aiki ya ci abinci, ya yi aure, ya gina gida. Ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci, shi ma bai taɓa jin nauyin abin a zuciyarsa ba, kuma yana da hujja. Mai fuska shi ya roƙi a gyara masa fuskarsa. Masu kallon hoton kuma maƙwabtansa ne, kullum suna ganinsa a kasuwa da masallaci, sun san iyakar gaskiya, sun san inda kwalliya ta fara. Wasa ne da kowa ya san dokarsa.

Da wayar hannu mai kyamara ta shigo, sai kasuwar shago ta yi ta ja da baya, har ya zama sai hoton fasfo jefi-jefi. A wannan hali na rashin aiki ne wata damina jikansa ya jawo shi gindin lemun tsamin da ke tsakar gida, ya nuna masa wani abu bisa ganye, ya ce, “Kaka, kashin tsuntsu yana tafiya.” Da dattijon ya sa tabarau ya duba, sai ya ga ashe tsutsa ce, baƙa da ratsin fari, ta yi kama da kashin tsuntsu ƙwarai da gaske, don kada mai nemanta ya kula ta. Ya hana a kashe ta. Bayan 'yan kwanaki ta sake riga ta koma koriya shar, in an taɓa ta sai ta fito da wani abu mai ƙaho biyu daga bayan kanta, ya yi ta wari. Sa'an nan ta daina ci, ta ɗaure kanta jikin reshe da zare, ta daskare cikin kwanso. Wajen mako biyu bayan haka, da hantsi, kwanson ya tsage, babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya ya fito yana shanya fikafikai. Masana na kiransa Papilio demodocus. Mutumin da ya shekara arba'in yana duban fuskokin mutane ya tarar a tsakar gidansa akwai abin da bai taɓa gani ba. Tun daga ran nan ya kakkaɓe kyamararsa.

Ɗaukar hoton ƙwaro mai tashi ba kamar ta ango ba ce, wanda za a ce masa ɗaga haɓa, kada ka motsa. Abu na farko da dattijon ya koya shi ne sammako. Malam-buɗe-littafi ba ya iya tashi sosai sai jikinsa ya yi ɗumi, saboda haka da sassafe yakan zauna bisa ganye ya baje fikafikai yana shan hantsi. Wannan ɗan lokaci, daga fitowar rana zuwa walaha, shi ne kasuwar mai hoto. Da rana ta take, ƙwarin sun zama kamar iska, hasken kuma ya yi tsanani har yana wanke launi. Abu na biyu shi ne inuwa. Idanun ƙwaron nan sun ƙware wajen gane motsi, da inuwar mutum ta faɗa kansa ya tafi ke nan. Dole a zagayo ta inda inuwa za ta koma baya, a sa tufafi marasa ƙyalli, a matso taki ɗaya, a tsaya, a ƙara ɗaya. Abu na uku shi ne durƙuso. Wanda ya ɗauka daga tsaye bayan ƙwaro kawai zai samu da ƙasa. Sai an sauko daidai da shi, an daidaita fuskar kyamara da shimfiɗar fiffike, in ba haka ba gefe guda zai fito tangaran, ɗaya gefen ya yi hazo. Ƙyaftawar kyamara kuma sai ta yi sauri, kamar kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ko fiye, domin ko ƙwaron bai motsa ba iska tana kaɗa ganyen da yake kai.

Ya kuma gane cewa hoto guda ba ya isa. Rubutun da ke cikin littafin daban, na bangonsa daban. Akwai irin da samansa ke da launi kamar atamfa, amma in ya rufe sai ka rantse busasshen ganye ne. Wanda ke son a gane ko wane iri ne, sai ya samo sama da ƙasa duka, wani lokaci kuwa tsakanin hoton farko da na biyu sai a yi sa'a guda ana tsugune.

Ƙarshen damina zuwa farkon kaka, watau watannin Satumba da Oktoba, shi ne lokacin da suka fi yawa. A irin wannan lokaci akan gan shi a gindin dutsen Liji, ko a dajin Kanawa cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, ko a bakin madatsar ruwa ta Daɗin Kowa wadda aka gama a 1984 bisa kogin Gongola, ko ma cikin kwarurrukan da zaizayar ƙasa ta haƙa a tsakiyar gari, inda ciyawa ke samun sakewa domin ba mai noma wurin. Mutane sun yi ta magana. Wani ya ce tsufa ne ya zo da gardama, wani ya ce haɗin magani yake yi. Wata rana wani makiyayi ya tarar da shi kwance rub da ciki a mashayar shanu, ya ce, “Baba, lafiya?” Ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. A gabansa farare da rawaya sun fi talatin sun jeru bisa laka suna tsotso. Gishiri suke nema a inda shanu suka yi fitsari, galibinsu kuma maza ne. Makiyayin ya tsaya ya duba, ya ce kullum yana ganinsu, bai taɓa tambayar kansa abin da suke sha ba.

Sannu a hankali dattijon ya fahimci cewa wanda ke neman malam-buɗe-littafi, tsiro ya kamata ya fara nema. Kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci, uwar kuma da ƙafafunta take ɗanɗana ganye kafin ta saka ƙwai. Fararen nan da ke ketare hanya garke-garke, waɗansunsu a kan tafasa da rai-ɗore suke girma, waɗansu a kan anza. Tumfafiya kuwa, wadda aka raina, ita ce uwar ɗakin wani kyakkyawa mai launin ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari, wanda ake kira Danaus chrysippus. Tsutsarsa na cin ganyen tumfafiya ta tara dafin da ke cikin farin ruwan nan, dafin ya bi ta har ta yi fiffike. Tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai ba ya ƙara kusantar mai irin wannan riga. Saboda haka ne yake tafiyarsa a hankali, ba ya gudun kowa, kamar ɗan sarki a kasuwa. Sai kuma ga wata macen wani iri daban, Hypolimnas misippus, wadda ba ta da dafi ko kaɗan, amma ta ari rigarsa ta sa, tsuntsaye suna ganinta suna kaucewa. Mijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo, wanda bai sani ba ba zai ce gidansu ɗaya ba. Bambancin mai dafi da mai aron riga yana cikin 'yan ɗige-ɗige da layin bakin fiffike ne, abin da ɗan gyara kaɗan zai iya shafewa daga hoto.

A nan ne maganar gyara ta taso. Dattijon yana da ɗan ƙane, saurayi mai ilmin kwamfuta, shi ne ke sauke masa hotuna daga kyamara. Aikin da dā ake kwana ana yi da tsinin fensir, yaron nan yana yinsa da ɗan yatsa kafin shayi ya huce, ko da Photoshop, wadda ta fito tun 1990, ko da 'yan manhajojin waya irin su Snapseed da Lightroom. Ran nan dattijon ya kawo hoton wani babba da ya ɗauka a Kanawa, hoto mai kyau, sai dai fikafikan baya duka biyu suna da giɓi. Da gari ya waye yaron ya kawo masa shi cikin murna, ya cike giɓin sumul, ya ƙara wa launin ƙarfi, ya share wani busasshen kara da ya gitta a baya.

Ya ce, “Baffa, ga shi na ɗinke maka.”

Dattijon ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, “Aikinka ya yi kyau, ɗana. Ni da na yi shekara arba'in ina wannan aiki ban isa in yi kamarsa ba. Amma mayar mini da nawa.”

Yaron ya ce, “Haba Baffa, ashe ba kai ne ka share tamojin rabin mutanen garin nan ba?”

Ya ce, “Su suka roƙe ni. Wannan ya roƙe ka?”

Sa'an nan ya sa aka buɗe na asalin, ya nuna masa cewa giɓin dama da na hagu kamarsu ɗaya, kamar an yanka da almakashi. Abin da ya sa haka, fikafikan a rufe suke sa'ad da tsuntsu ko ƙadangare ya kai cafka, bakin ya kama su tare, ƙwaron ya fizge ya bar masa ƙyalle. Watau giɓin nan shi ne labarin yadda ya tsira da ransa. Wanda ya cike shi ya share labarin, ya bar ado kawai.

Kada mai karatu ya ɗauka dattijon nan ya haramta gyara ne. Ya fi kowa sanin cewa babu hoton da ke fitowa ba a taɓa shi ba. A ɗakin duhu ma mai wanki ne ke zaɓen yawan hasken da zai ba takarda, kyamarar zamani kuwa tun kafin ta nuna maka hoto ta riga ta yi nata gyaran a ciki. Ido kuma ya fi kyamara adalci. Ran da hazon hunturu ya sauka, ido yana ganin launin fure sosai, kyamara kuwa sai ta fito da kome fari-fari kamar an barbaɗa toka. Saboda haka ya yarda a rage faɗin hoto don ƙwaron ya matso, ya yarda a ƙara haske inda ya yi duhu ko a rage inda ya yi yawa, a goge tabon ƙurar da ta shiga kyamara, a kuma daidaita launi har ya koma yadda idonsa ya gani. Don wannan ne yake yawo da 'yar farar takarda a aljihu, yakan ɗauki hotonta a wurin, cikin hasken nan, domin in an zo gyara a san abin da ake kira fari a wannan safiya. Abin da bai yarda da shi ba guda uku ne: a sa abin da babu, a cire abin da ke akwai a jikin ƙwaro ko tsiron da yake kai, ko a ba shi launin da ba nasa ba.

Maganar launi ita ta fi wuya, domin nan ne son zuciya ya fi samun ƙofa. Fiffiken malam-buɗe-littafi lulluɓe yake da ƙananan ɓawo jere kamar rufin kwano, su ne garin nan da ke manne wa yatsan yaro in ya kama shi. Rawaya da ja da baƙi galibi rini ne a cikin ɓawon. Amma shuɗin nan mai walƙiya, kamar wanda ke bayan wani ɗan baƙi da ke yawan sauka bisa turba, ba rini ba ne, ƙirar ɓawon ce ke karya haske, shi ya sa in ƙwaron ya juya sai shuɗin ya ƙaru ko ya dushe. Mai gyara yana iya cewa ai haka ya gan shi, ba mai ƙaryata shi. Daɗin daɗawa, akwai irin da launinsa ke bin yanayi. Wani da ake kira Precis octavia, na damina ja ne, na rani kuwa shuɗi mai duhu, har masana suka daɗe suna lissafa su iri biyu, sai a ƙarshen ƙarni na 19 wani Bature mai suna Guy Marshall ya rena ƙwan ɗaya a kudancin Afirka ya ga ɗayan ya fito. To, in launi yana faɗin lokacin shekara, yana kuma raba mai dafi da mai aron riga, wanda ya murɗa shi don ya burge abokai ya san abin da ya taɓa.

Saurayin ma fa yana da tasa hujja, kuma ba ta yarwa ba ce. Ya ce mutanen yanzu hoto dubu ke wucewa ta gaban idonsu kowace rana, wanda bai yi ƙyalli ba ko tsayawa ba a yi a kansa. In ba a tsaya ba, wa zai san akwai irin waɗannan halittu a bayan gidansa, balle ya ji tausayin tumfafiya ran da ya ɗauko adda? A ganinsa ɗan ƙarin gishiri da zai jawo mutum ɗari su duba ya fi gaskiyar da ke kwance cikin akwati. Gardamar ta yi zafi sa'ad da wani mai buga kalanda ya nemi hotuna goma sha biyu, da sharaɗin a cike duk wani giɓi, a kuma ɗauke ƙwarin daga kan tafasa da tumfafiya a ɗora su bisa furannin Turai. Kuɗin da ya ambata ba kaɗan ba ne ga mutumin da shagonsa ya mutu, ga kuɗin makarantar jikoki, ga maganin ido. Dattijon ya kwana biyu yana juya maganar, kana ya aika cewa a ɗauke su yadda suke ko a bar su. Aka bar su. Ɗan ƙanen ya yi kusan wata guda bai taka gidan ba.

Wannan gardama ba a Gombe aka fara ta ba. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta Amurka ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangonta, har yau kuwa ana ba da misali da wannan abin kunya. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kambin 2009 daga wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke tsallake shinge a hotonsa na gida ne, horarre. A 2018 ta sake ƙwace wata kyauta, da aka gane cewa dabbar nan mai cin gara da aka nuna a wani daji na Barazil matacciya ce da aka cusa wa kaya a ciki, ko da yake masu hotunan biyu sun musanta. A gasar hotunan jarida ta duniya ta 2015 an kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima. Shi ya sa manyan gasanni ke neman ɗanyen hoto, watau yadda ya fito daga kyamara, su gwada shi da wanda aka aiko. A 2023 kuma wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony, ya bayyana cewa hoton nasa ba kyamara ta ɗauka ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta zana. Masu bin malam-buɗe-littafi ma suna da tasu 'yar dabara, su kama shi su sa a firji har sanyi ya kashe masa jiki, sa'an nan su ɗora shi bisa furen da suka ga dama. Da ganin irin wannan hoto dattijon yakan gane, domin ƙafafun ba su riƙe furen ba, ajiye su aka yi.

Mai tambaya zai ce, duk wannan a kan ƙwaro? Amsar tana cikin wani tsohon littafin rasit na shagonsa, wanda ya mayar kundi. Kowane hoto sai ya rubuta ranarsa, da sa'a, da wuri, da tsiron da ya sami ƙwaron a kai. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ran 1 ga Oktoba 1996, garin yake cin dajin da ke kewaye da shi ba dare ba rana. Wurare da dama da ke cikin kundin nan yanzu gidaje ne da shaguna. Gonakin da suka rage kuma maganin feshi ya maye gurbin fartanya, yana ƙone tafasa da duk abin da ke kanta. An yi ƙoƙarin dashen itatuwa, musamman shirin da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019, kuma inuwa alheri ce. Sai dai dogon-yaro baƙo ne daga Indiya, tsutsar da ta saba da anza ko tumfafiya ba ta cin ganyensa. A Amurka wani bincike da aka buga a 2025 ya nuna yawan waɗannan ƙwari ya ragu da kashi 22 cikin 100 daga shekarar 2000 zuwa 2020. Sun iya faɗin haka ne domin dubban mutane sun yi shekaru suna ƙirgawa suna rubutawa. Nan gaba in wani ɗalibi na Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere ya tashi neman abin da ke tashi a gindin Liji kafin gini ya iso, hotunan mutane irin dattijon nan zai nema. Mai fuska yana da maƙwabta da za su ce ba haka yake ba. Malam-buɗe-littafi kuwa kwanakinsa kaɗan ne, 'yan makonni ne ya wuce, ba shi da baki, ba shi da dangi masu shaida. Abin da mai hoto ya ce, shi ke nan.

Kuma kada a raina abin da ɗan ƙaramin shaida zai iya tabbatarwa. A watan Oktoba na 2013 wani masani mutumin Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci waɗansu malam-buɗe-littafi gajiyayyu, fikafikansu duk sun yage, a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, inda ba a san irinsu ba. Irin nan ne mai suna Vanessa cardui, wanda ke ketare Sahara tsakanin Turai da ƙasashen nan na bakin hamada. Bayan bincike na shekara goma, a 2024 aka bayyana cewa daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ketare tekun Atlantika, tafiyar kilomita 4,200 a ƙalla ba saukowa. Daga cikin abin da ya ba da shaida har da garin furen da ya manne a jikinsu, wanda aka tarar na sabara ne da kurna. Da mai binciken ya ce waɗannan sun yage, ba su da kyan gani, ya wuce, da ba a san wannan labari ba.

Ɗan ƙanen ya komo daga baya, kamar yadda ɗa ke komowa. Ba wanda ya ce ya sauko daga ra'ayinsa, amma sun yi sulhu irin na gida. Kowane hoto yanzu ana ajiye ɗanyensa a wuri guda, ba mai taɓa shi. Wanda aka daidaita bisa sharuɗɗan dattijo shi ake sakawa a iNaturalist, wani dandalin intanet inda masana daga ko'ina ke duba hotunan halittu su faɗi sunansu, tare da rana da wurin da aka ɗauka. Saurayin kuma yana da izinin ya yi adonsa yadda ya so, ya ɗinke, ya rina, ya kai kasuwa, muddin zai rubuta a ƙasa cewa an yi wa wannan hoto kwalliya. Yakan yi ƙorafi cewa rubutun yana rage masa ciniki. Baffan nasa yakan ce ragin da aka yi don gaskiya ba asara ba ce, su yi dariya, gobe kuma su sake ɗaukowa daga inda suka tsaya.

Yanzu idon dattijon ya fara rauni, gwiwa ma ba ta son durƙuso, saboda haka jikan nan da ya ga kashin tsuntsu yana tafiya shi ke riƙe masa jaka, wani lokaci har a miƙa masa kyamarar. Yau kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto, damina kuma ba ta fasa zuwa. Wanda ya ga dama ya gwada, abin da ake bukata gare shi bai taka kara ya karya ba: ya yi sammako, ya kiyaye inuwarsa, ya rubuta rana da wuri, in kuma ya sami mai yagaggen fiffike ya bar masa yagewarsa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma sa a riƙe amana ko da ta ƙwaro ce.